Sanda Ta Shiga, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Dell OptiPlex 780 kwamfutar tebur ce da ta fito a 2009, lokacin da wasu daga cikin matasan da ke aiki da ita yau ba su ma shiga firamare ba. Ofisoshin Turai da Amurka sun daɗe da sallamarta, ita da takwarorinta irin su HP Compaq 8000 Elite, amma aikinsu bai ƙare ba. Ana loda su a kwantena su sauka Legas, su ratsa Computer Village ta Ikeja, su bazu zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano. Su ne ke buga takardu a shagunan bakin makaranta, a kansu ake cike fom, kuma a kan irinsu yara da yawa suka fara riƙe linzamin kwamfuta. Injuna ne masu ƙarko. Inda suke gazawa shi ne wajen ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta injin: da yawansu da 2GB suke zuwa, abin da burauzar yau ke cinyewa da buɗe shafuka kaɗan.

Sai matashi ya tara 'yan kuɗinsa ya tafi kasuwa ya ce a ba shi DDR3 mai 4GB. A miƙo masa sandar ram sabuwa fil a leda. Ya koma shago ya buɗe akwatin kwamfutar, ya danna sandar a gurbinta, ta zauna daram, makullan gefe biyu su kama. Ya kunna. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Nan take zuciyarsa ta ba shi ɗaya daga cikin biyu: ko mai sayarwa ya cuce shi da matacciyar sanda, ko shi ya ƙona babban allon injin, wanda masu gyara ke kira bod. Sau da yawa babu ko ɗaya. Sandar lafiyarta ƙalau, bod ɗin ma haka, kuma da za a kai sandar nan cikin OptiPlex 7010 ta 2012, da ta tashi ba gardama.

Dalilin yana jikin 'yan baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a kan sandar, kuma duk wanda ya iya ƙirga zai iya gano shi. Kowace ƙwaya tana da nata cikin, ana auna shi da gigabit, kuma gigabit 8 ne ke yin gigabayit 1. Sandar 4GB ke nan gigabit 32 ce. Kamfani zai iya haɗa ta da ƙwaya 16 masu gigabit 2, takwas a gaba takwas a baya. Zai kuma iya haɗa ta da ƙwaya 8 kacal masu gigabit 4, galibi duk a fuska ɗaya. A ido da kuma a bakin mai sayarwa duk "fo gig" ne. Amma cifset ɗin Intel na zamanin Core 2 Duo, sashen bod da ke kula da ram, wato Q45 da ke cikin 780 da G41 da ke cikin OptiPlex 380 da tulin injunan haɗi na wancan lokaci, an ƙera su ne a 2008, kuma iyakar ƙwayar da suka sani ita ce mai gigabit 2. In aka ba su mai gigabit 4, ba su san yadda za su lissafa ɗakunanta ba, sai su tsaya cik.

Saboda haka mai irin wannan inji ya nemi sandar da aka rubuta 2Rx8 a takardarta, ya juya ta ya ƙirga ƙwaya 16 da idonsa. Mai 1Rx8 mai ƙwaya 8 ya bar ta, ko da ta fi araha, ko da ta fi sheƙi. Lissafin nan kuma shi ne ya sa sandar 8GB guda ba ta aiki a waɗannan injuna: da ƙwayoyi masu gigabit 4 ake haɗa ta. OptiPlex 780 mai gurbi huɗu tana iya kaiwa 16GB, amma ta hanyar sanduna huɗu masu 4GB na tsohon samfuri.

Abin takaici shi ne yawan matasan da ke rasa kuɗinsu a nan alhali amsar tana rubuce a kan takardar da ke jikin sandar. Wannan 'yar farar takarda ta cancanci a karanta ta harafi bayan harafi. A ɗauki misali: 4GB 2Rx8 PC3-10600U. Na farko girma ne. Na biyu tsarin ƙwayoyi. PC3 na nufin DDR3, kamar yadda PC2 ke nufin DDR2, PC4 kuma DDR4. Lambar 10600 gudu ce, ita ce ake kira DDR3-1333. 8500 ita ce 1066, 12800 kuma 1600. A DDR2, 5300 ita ce 667, 6400 ita ce 800. Sai harafin ƙarshe, wanda ya fi kowane ƙanƙanta kuma ya fi kowane jawo asara.

U ita ce ta kwamfutar tebur ta yau da kullum. S ta kwamfutar cinya ce, gajeriya, ba ta ma shiga gurbin. E tana da ƙarin ƙwaya ta gyaran kuskure, shi ya sa ƙwayoyinta ke zama 9 ko 18. Wasu injuna na karɓarta, wasu ba sa karɓa. R kuwa ta saba ce, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin ajiye bayanai, kuma ita ce tarkon. Kamfanoni na sauke irinta da yawa idan suka sabunta kayan aikinsu, sai ta cika kasuwa da araha. Matashi ya ga 8GB a farashin da bai kai na 4GB ba, ya ɗauka ya yi tsintuwa. PC3-10600R tana da tsawo ɗaya da giɓi ɗaya da mai U, tana shiga gurbi lafiya lau, amma OptiPlex ko HP Compaq ta ofis ba za ta taɓa tashi da ita ba. Ana gane ta da wata ƙwaya ta daban a tsakiyar sandar, kuma sau da yawa an rubuta 2Rx4 ko 1Rx4. Injunan aiki masu nauyi irin su Dell Precision T3600 ne ke cin irinta. Akwai kuma wasu sanduna masu arha da ake tallatawa a intanet da sharaɗin cewa na AMD ne kaɗai. Sharaɗin gaskiya ne, mai Intel ya kauce musu.

Batun zamani ya fi sauƙi, sai dai shi ma yana da wurin tuntuɓe. DDR ta farko haƙora 184 gare ta. DDR2, wadda ta fito a 2003, tana da 240 kuma tana cin bolt 1.8. DDR3 ta 2007 ita ma 240 ce, da bolt 1.5. DDR4 ta 2014 tana da 288 da bolt 1.2. Tun da DDR2 da DDR3 haƙoransu ɗaya ne kuma tsawonsu ɗaya, giɓin da ke ƙasan sandar ne kaɗai ya raba su, an ɗan matsar da shi don kada wata ta shiga gurbin wata. Ƙungiyar JEDEC da ke tsara ƙa'idojin ram da gangan ta yi haka. Idan sanda ta ƙi zama, ba a yi mata ƙarfi. A fito da ita, a duba giɓin, a juya ta, in har yanzu bai yi daidai da ƙullin da ke cikin gurbin ba to ba tata ba ce. OptiPlex 760 da 780 kamanninsu ɗaya a waje, amma ta farko DDR2 take ci, ta biyu DDR3. Akwai ma wasu bod na G41 da aka yi musu gurabe iri biyu, na DDR2 da na DDR3, kuma ko a kansu ba a haɗa iri biyun a lokaci guda.

Harafin L ma ba ado ba ne. PC3L tana aiki da bolt 1.35, kuma galibinta tana jure 1.5, don haka takan zauna lafiya a tsofaffin injuna. Akasin hakan ne ba shi da tabbas. OptiPlex 3040 da 5040, masu furosesar Intel ta ƙarni na shida, DDR3L aka tsara musu, yayin da 7040 da suka fito tare take cin DDR4. Injuna uku, shekara ɗaya, kamfani ɗaya, ram iri biyu. Wanda ya dogara da "ai duk OptiPlex ce" zai sha wuya.

To, a ce an riga an saya, an saka, allo ya ƙi kawo haske. Me ya kamata?

Abu na farko shi ne sauraro da kallo, domin injin yana faɗin abin da ke damunsa. HP Compaq na ofis, idan matsalar ram ce, fitilar kunnawa takan koma ja ta ƙifta sau 5 tare da ƙara sau 5, ta huta, ta sake. Tsofaffin OptiPlex suna da fitilu masu lamba 1, 2, 3, 4 a gaba. Littafin Dell ya bayyana su: idan 1 kaɗai ta kama, injin bai ga ram ba sam, idan 3 da 4 ne, ya gani amma akwai lalura a ciki, idan 1 da 3 ne, ya gani amma bai dace da shi ba, ko an jera shi ba daidai ba. Littattafan nan kyauta suke a shafukan kamfanonin, kuma lambar da ke manne a jikin akwatin ta isa ta kai mutum ga na injinsa. A ciki ne aka rubuta iyakar ram, irinsa, da gurbin da ake fara cikawa. Minti goma na karatu a waya kafin a tafi kasuwa ya fi kwana uku na zirga-zirga tsakanin shago da mai sayarwa.

Daga nan sai a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa a riƙe na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta zube. Kashe injin kaɗai bai isa ba, domin muddin waya na jone akwai wuta a bod. Sannan a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa sanda. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mayafi ke tartsatsi a duhu, wannan ba ƙaramin abu ba ne: wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya lalata ƙwaya ba tare da ya ji komai ba. A riƙe sanda ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran.

Sai gwajin kansa, kuma nan ne ake bambanta mai gyara da mai cacar sa'a. Ana canja abu ɗaya ne a kowane gwaji. A cire duka sanduna, a mayar da tsohuwar ita kaɗai a gurbin farko. Idan injin ya tashi, an tabbatar bod da furosesa lafiya suke, hankali ya kwanta. A cire ta, a sa sabuwar ita kaɗai a wannan gurbin dai. Idan ta ƙi, laifin yana tsakaninta da injin, sai a koma ga takarda da ƙirgen ƙwayoyi, in da hali a gwada ta a wani inji da ya fi sabunta. Idan ta tashi ita kaɗai amma ta ƙi idan aka haɗa su biyu, to ko ba sa jituwa, ko gurbi na biyu ne ke da matsala. Sai a zagaya da sanda ɗaya mai lafiya gurbi bayan gurbi. Yaron da ya cire sanda, ya canja gurbi, ya zare batir, ya hura ƙura duk a tashi ɗaya, ko injin ya tashi bai san abin da ya gyara ba, gobe kuma zai sake faɗawa ramin.

Sau da yawa ma abin bai kai haka nisa ba. Sandar ce ba ta zauna sosai ba. Ram yana buƙatar danni mai ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato: babban yatsa a kowane gefe, a danna daidai har makullan su rufe da kansu. In gefe ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, allo ba zai kawo ba. Gurbin da ya shekara goma a buɗe a garin da ƙura ke shiga ko'ina yakan cika da datti, sai a hure shi da abin hura iska ko a share da busasshen buroshi mai laushi. Haƙoran sanda da suka dushe, masu gyara sukan goge su a hankali da magogin fensir, su kakkaɓe ɓurɓushin kafin su mayar. Ruwa ko yawu ba su da wuri a nan.

Launin gurabe ma magana ce. A OptiPlex mai gurbi huɗu, biyu masu fararen makullai ake fara cikawa. Sanduna biyu masu girma ɗaya a gurabe masu launi ɗaya suna aiki a layi biyu lokaci guda, abin da ke ƙara gudu, musamman ga injin da ba shi da katin hoto na daban. Haɗa 2GB da 4GB yakan yi aiki. Haɗa mai 1333 da mai 1600 ma yakan yi, sai dai duka su sauko zuwa gudun ta ƙasa ko iyakar abin da injin ke iyawa. Sayen sanda mai gudu sosai don tsohon inji ɓarnar kuɗi ce: 780 a 1066 za ta tuƙa ta, kuma wasu sanduna masu 1600 sukan ƙi saukowa su bar allo baƙi.

Idan injin ya tashi ya nuna saƙo cewa adadin ram ya canja, ya nemi a danna F1, wannan albishir ne. A HP lambar saƙon 164 ce. Yara da yawa sukan firgita su kashe su zare sandar, alhali injin cewa yake ya ga baƙuwar.

Akwai wata matsalar da ke zuwa bayan an yi nasara. An saka 8GB, BIOS, wato manhajar da ke cikin bod, ta ga 8GB, Windows kuma ta ce 3 da 'yan kai ne za ta iya amfani da su. Wannan Windows mai bit 32 ce, wadda ba ta iya lissafin abin da ya wuce 4GB, kuma daga cikin huɗun ma kayan injin na ɗaukar rabonsu. Maganinta sai an sake ɗora mai bit 64 daga tushe, bayan an kwashe takardun mutane zuwa wani wuri. Windows 7 ma tana da nata shingen bisa ga samfuri: Starter 2GB, Home Basic 8GB, Home Premium 16GB. Injunan da suka girmi 780, masu cifset 945 irin su OptiPlex GX620, ko an ɗora musu bit 64 ba sa wuce iyakar 4GB, domin shingen a jikin ƙarfen yake. Wani lokaci kuma wani ne ya taɓa shiga msconfig ya sa alama a akwatin da ke ƙayyade iyakar ram. Cire alamar kawai ya wadatar. Idan 'yan megabayit ne suka yi ƙasa, sashen hoto na cikin injin ne ya ɗauka, ba ɓata suka yi ba.

A injunan Core i3, i5 da i7 akwai wani abu da ya kamata mai koyo ya sani. Tun daga 2008 Intel ta mayar da sashen da ke kula da ram cikin furosesa kanta, abin da AMD ta riga ta yi a 2003 da Athlon 64. Sakamakon haka, siririyar allura ɗaya da ta lanƙwashe a mazaunin furosesa tana iya kashe gurabe biyu na layi ɗaya, mutum ya yi ta zargin sanduna. Idan kowace sanda na aiki a wasu gurabe amma babu mai aiki a sauran, kuma an san an taɓa cire furosesar, nan ne wurin dubawa. Aiki ne na haske mai kyau da hannu mai natsuwa, gara a kai wa maigida ya duba da a yi gaggawa.

BIOS kuwa a bar ta zuwa ƙarshe. Gaskiya ne sabunta ta yakan sa wasu injuna su karɓi sandar da suka ƙi a da, kuma zare batirin CR2032 na ɗan lokaci yakan share tsohon saiti da ya maƙale. Batirin nan mai bolt 3, in ya shekara da yawa, sauya shi ya fi. Amma sabunta BIOS a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama kasada ce ta gaske: in ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, bod ɗin na iya mutuwa. Kada a fara sai da UPS mai caji ko inbata, kuma da tsohuwar sandar da aka san tana aiki. Sannan babu sabuntawar da za ta koya wa cifset G41 karanta ƙwaya mai gigabit 4.

Tashin inji ba shi ne ƙarshen gwaji ba. Sanda mai lalura tana iya kai mutum har cikin Windows, sai bayan awa biyu allo ya koma shuɗi, ko takardar da ɗalibi ya kwana yana bugawa ta lalace. MemTest86, manhajar da ta samo asali tun 1994, ana ɗora ta a filash a tashi injin da ita, ta bi kowane ɗaki na ram tana rubutu tana karantawa. A bar ta ta yi zagaye huɗu, ko da za ta ɗauki sa'o'i. Kuskure ɗaya ya isa a mayar da sanda. Windows ma tana da nata ɗan gwajin, ana kiransa da buga mdsched. CPU-Z kuma, wadda kyauta ce, tana karanta bayanin da aka rubuta a cikin sandar kanta: kamfani, girma, gudu. Idan takardar waje ta ce Samsung ko Kingston, manhajar ta nuna wani abu daban, an san an sauya takarda.

Duk wannan ya fi sauƙi idan tun a kasuwa aka gyara ciniki. Matashi ya ɗauki hoton takardar tsohuwar sandarsa gaba da baya, ya rubuta cikakken sunan injinsa, in akwatin ƙarami ne ma ya saɓa shi ya tafi da shi. Ya ce wa mai shago, "Alhaji, DDR3 nake so mai 4GB, 2Rx8, mai U a ƙarshe, ƙwaya 16. A gwada mini a nan, in kuma ta ƙi a gida zan dawo da ita a canja." Mai shagon kirki ba ya ƙin wannan, kuma yakan ƙara girmama yaron da ya san abin da ya zo nema. A rubuta sharaɗin a rasit.

Ya kuma kamata a san inda za a tsaya da kashe kuɗi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Core 2 Duo ba ta cikin furosesocin da Windows 11 ta amince da su. Ga inji irin 780, 8GB ya wadatar da buga takardu, burauza da koyon rubuta manhaja, musamman in an ɗora masa Linux Mint ko makamanciyarta. Kuɗin da za a kashe wajen kai shi 16GB ya fi amfani a sayi SSD a maye gurbin tsohon faifan ajiya da shi, domin yawancin jinkirin tashi da buɗe manhaja daga faifan yake fitowa, kuma SSD ɗin za a iya cire shi a tafi da shi cikin inji na gaba, abin da sandar DDR3 ba za ta yi ba idan na gaban DDR4 yake ci.